Mai Rubutu Ya Sauka a Agege

Tun ranar da na dawo daga Ikko ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin ƙofar shagon Ado tela sai wani ya matso: "To marubuci, yaya Legas? Ka ga teku? An yanke maka aljihu?" Na ba da labarin nan ya fi sau goma, kuma kullum kafin ya zagayo ya dawo kunnena an ƙara masa gishiri. Jiya har na ji wai na buɗe zaure a Agege ina buga ƙasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina.

Da farko dai abin da ya kai ni. Kun san littafina, ba sai na faɗi sunansa ba, tunda yawancinku aro kuka yi, ba saya ba. Kun kuma san inda na tsaya a kashi na biyu: Kamilu ya bi Rabi'atu har Legas, ya tsaya a ƙofar gidan da take, ta fito, ya buɗe baki zai yi magana, sai littafi ya ƙare. To wata goma sha huɗu ke nan bakin Kamilu yana buɗe, don ni kaina ban san abin da zai ce ba. Na rubuta masa jawabi ya fi arba'in. Akwai mai taurari, akwai mai zuma da madara, akwai wanda zuciya ta tsage gida bakwai. Duk wanda na karanta wa maiɗakina Amina sai ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce, "Da ni ce, komawa ciki zan yi." Masu sayar da littattafai a kasuwa suka daina tambayata, abin da ya fi tambayar ciwo. Wata mai karatu ta aiko mini da wasiƙa mai layi ɗaya daga Gusau, wai ko Kamilu ya rasu ne a tsaye? Na yi dariya a gaban mutane, amma a raina tsoro ne ya kama ni. Na fara zaton rijiyar ta ƙafe, ga shi ban iya wata sana'a ba.

Amina ce ta ce ai ban taɓa taka Legas ba, ta yaya zan san irin maganar da mutum yake yi a can? Ina da kawu a Agege, ƙanen mahaifiyata, Kawu Ilu mai goro. Na ɗauki jaka da sabon littafin rubutu da kwalbar tawada shuɗiya da alƙalamina mai shan tawada, wanda na yi imani labari ba ya fita da kyau sai da shi. Biro na masu rubuta rasit ne. Lokacin shekara biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, kowace katanga daga Kano har Kaduna fuskar ɗan siyasa ce tana yi wa akuyoyi murmushi.

Da yake kullum ina yi wa matasa huɗubar cewa marubuci sai ya ga rayuwa da idonsa, sai na ƙi shiga doguwar bas. Na bi tirelar albasa ta wani direba mai suna Tanko, maƙwabcin surukina. Gaban motar ya cika da Tanko da mai albasar da tumbin mai albasar, don haka aka ce in hau sama kan buhuna, wai can ne iska. Iska kam akwai ta. Abin da ba a gaya mini ba shi ne albasar da rana ta daka tana da hanyar shiga ido ko ba a yanka ta ba. Kafin Zariya na fara hawaye. Da muka tsaya salla a Tegina, Tanko ya dube ni ya girgiza kai.

"Haba malam, kwana nawa za ka yi? Iyali suna nan, ba inda za su."

"Albasa ce," na ce.

Ya dafa kafaɗata. "Kowa haka yake cewa a tafiyar farko."

Muka kwana a Mokwa, da hantsi muka hau gadar Jebba. Tanko ya leƙo ta taga ya ɗaga murya ya ce in yi ban kwana da "sannu", daga nan sai "eku". Da muka tsaya shan ruwa ya yi mini bayani: wai Bayarabe yana da eku ta wanda ke zaune, da eku ta wanda ke tsaye, da eku ta mai aiki, da ta wanda ya kwana biyu ba a gan shi ba. Na yi ta dariya, na ciro littafi zan rubuta abin mamaki, sai mai sayar da ruwan, wani Bakatsine, ya ce mini, "Sannu da hutawa." Wani ya wuce ya ce wa Tanko, "Sannu da rana." Na mayar da littafin aljihu.

Gaba kaɗan da gadar muka tarar da shinge. Wani mai kaki ya sa na sauko daga kan buhuna, ya tambayi sana'ata da Turanci. Na gyara murya na ce, "Raita," wato marubuci. Ya dubi jajayen idanuna, ya ce, "Okada raida?" Okada shi ne acaɓa a can. Nan take ya nemi lasisin babur. Na yi ta juya hannu a iska ina nuna masa rubutu, shi kuma yana ganin mutum yana murza babur, yana ƙara haɗe rai. Tanko ne ya sauko ya ce masa, "Oga, na malam," wato malami ne. Da jin haka mutumin ya sake fuska, ya sake ni, har ya sunkuyo ya ce in sa shi a addu'a a ƙara masa igiya. Da ina da wayo da tun a nan na gane inda tafiyar ta dosa.

A Ogbomosho na fara cin amala. Aka ajiye mini tuwo baƙi wuluk, na ɗaga kai in ga ko mai abincin za ta ba da haƙuri, na ga kowa irinsa yake ci. Miyar nan mai yauƙi da suke ta yabo kuwa, da na ɗanɗana, ashe lalo ce, wadda muke rainawa a gida, ta je Kudu ta yi suna. Amma barkonon ba na wasa ba ne. Loma uku hawaye ya dawo sabo. Tanko ya ajiye ƙashin da yake tsotsa ya ce, "Har yanzu? Kai, wannan mata taka ta iya riƙon miji."

Washegari da rana muka shiga Legas, aka sauke albasa a kasuwar Mil Tuwal. Tanko ya saka ni a danfo, ƙaramar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, ya ce in sauka a Agege bakin layin dogo. Ba mu yi nisa ba wani fasinja ya daka tsawa: "Uwa!" Direba ya taka birki, na ce yau za a yi ta. Sai mutumin ya sauka abinsa, mota ta ci gaba. Can wata tsohuwa mai ɗankwali kamar faifai ta ce, "Uwa o!" Ita ma aka tsaya ta sauka. Na ce lallai Legas ta cika Legas, wato sai ka zagi uwar direba sannan ya sauke ka. Ni kuwa ɗan gidan mutunci ne. Da na hangi layin dogo na ce, "Salamu alaikum, akwai sauka." Ba wanda ya waiwayo. Na ce, "Direba, don Allah in ba damuwa." Muka wuce. Na ƙwanƙwasa rufin mota da ladabi. Sai da muka yi nisa wata mata mai goyo a gefena ta dube ni.

"Broda, ina za ka yi drop?"

Hausa ce a bakinta, amma irin ta haihuwar Legas. Na ce Agege.

"Ah ah! Ai mun wuce tun tuni. Me ya sa ba ka ce owa ba?"

Na ce ni ba a yi mini tarbiyyar zagin iyayen mutane ba. Ta yi dariya har ɗan bayanta ya farka, ta fassara wa motar gaba ɗaya da Yarabanci, direba ma ya yi ta dukan sitiyari. Ashe owa ce, ma'anarta akwai mai sauka. Na cika ƙirji na faɗe ta, na bi ta da istigfari a ɓoye don ko-ta-kwana, na dawo Agege a ƙafa.

Gidan da Kawu Ilu yake haya dogon lungu ne mai rufi, ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, banɗaki ɗaya a ƙarshe. Da safe ba mutane ke bin layin wanka ba, bokitai ne. Kowa ya ajiye nasa ya koma harkarsa, kuma kowa ya san bokitin kowa. Nawa baƙo ne, ba shi da dangi, aka yi ta tsallake shi har rana ta take. Abin da ya wanke mini zuciya shi ne burodin Agege, mai nauyi da danƙo, da dafaffen wake da aka dama aka zuba masa baƙin yaji. Wannan kam ko a Kano ba zan ji kunyar yabonsa ba.

Da yamma Kawu ya tafi da ni rumfarsa ta goro. Sai ku san Kawu ya taɓa ganin bangon littafina, mai hoton yarinya da jan baki, kuma tun daga ranar in an ambaci sana'ata sai ya kama tari. Maƙwabtansa na rumfa suka gaishe ni, wani dattijo a cikinsu ya ce, "Alhaji Ilu, ɗan naka me yake taɓawa a Kano?"

Kawu ya yi tari. Ya yayyafa wa goro ruwa. Ya ce, "Rubutu yake yi."

Bai ƙara ba, bai rage ba. Suka dubi juna. Suka dubi tawadar da ke yatsuna, suka dubi idanuna da albasar kwana biyu ta rina. Dattijon ya gyara zama ya ce a hankali, "Idon ma ya nuna. Ba ya barci." Ni a lokacin har daɗi na ji, na ɗauka sun san wahalar adabi. Ban kawo a raina cewa rubutun da suke nufi shi ne na allo, wanda malamai ke yi a wanke a sha ba.

Da gari ya waye na buɗe ƙofa na tarar da takalma jere a lungu, masu su suna zaune a kan tabarma. Na farko ya shigo ya durƙusa. Na ce masa, "Bawan Allah, an yi kuskure. Ni ba malami ba ne, labari nake rubutawa." Ya juya ya gaya wa na waje, "Kun ji tawali'u? Wai shi ba malami ba ne." Na ji ana ta "Allahu akbar". Na aika a kira Kawu ya zo ya warware, aka ce ya yi sammakon zuwa kasuwar Idumota.

To a nan ne zan faɗi laifina, tun kafin wani ya faɗa mini. Da suka fara magana sai na kasa korarsu. Wani mai yankan farce ya ce abokin sana'arsa ya yi masa asiri, duk farcen unguwar ya daina tsiro sai a layin wancan. Wani ɗan kasuwa ya ce matarsa haihuwar Agege ce, in ta yi fushi da Yarabanci take masa faɗa, shekara tara bai san abin da ake ce masa ba. Na ce yana son a buɗe masa kunne ke nan? Ya ce a'a, kwanan nan ya fara ganewa, so yake a toshe. Wani ɗan dako daga Ijora ya ce shekara uku yana aika wa gida cewa yana aiki a ofishin jiragen ruwa, ga shi mahaifinsa ya aiko yana nan tafe ya ga ofis. Suna faɗa ina rubutawa, su suna ganin lissafin taurari nake yi. An ba kura ajiyar nama. A kwana biyu na cika shafin da ban cika ba a shekara. Kowa na sallame shi da cewa ya yi haƙuri ya yawaita istigfari, tunda wannan ba ya cutar da kowa. Na ƙi karɓar sadaka, abin da ya ƙara mini suna, har wani ya ɗaure mini zakara a ƙafar gado ya gudu.

Ranar Alhamis da la'asar Issufu ya shigo. Dogo ne, baƙi, zai yi shekara arba'in da biyar, mutumin wajen Maraɗi, yana gadin wani sito a Isolo. Ya gaishe ni, ya tambayi Kano, ya tambayi ruwan bana, ya sake gaishe ni. Sai da na ce ga wasu suna jira sannan ya sunkuyar da kai.

"Malam, wanga lamari ya hi ƙarhina."

Akwai wata mai tuwo a bakin layin dogo, sunanta Zinatu, mijinta ya rasu da daɗewa. Shekara bakwai Issufu yana shiga danfo biyu daga Isolo kullum don ya ci tuwonta, alhali akwai mai tuwo a ƙofar siton da yake gadi. A shekara bakwai ɗin nan abin da ya taɓa ce mata bai wuce "ƙaro miya" ba.

"Ɓarayi ukku na taɓa kora da sanda ni ɗaya, Malam. Jandarma ma ban jin tsoro nai. Amma in na tsaya gabanta sai halshena ya mutu. Ga shi jibi Asabar za ta tahi Huntuwa, tahiyar ke nan. Ta ce ba ta da kowa nan. Har manyan tukwanenta ta saida."

Ya shiga murza hularsa. Ni kuwa sai ga Kamilu a gabana da ransa, har da furfura. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, kwaɗayi ma ya kama ni. Na ce masa, "Issufu, ka saurare ni da kyau. Ni ba irin malamin da kake zato ba ne. Amma abin nan da kake nema, shi ne aikina." Ya ce, "Dakwar, Malam," wato ya yarda. Na cika alƙalami da tawada, na zaɓi wanda ya fi kowane ƙarfi a cikin jawaban Kamilu, mai taurarin, na haɗa da rabin mai zumar, na cire Rabi'atu na sa Zinatu. Shafi huɗu cif. Nufina ya kai mata ta karanta, ni kuma in laɓe in ga ko zai ci, tunda Amina ba ta da tausayi.

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya takardun yana kallo. "Malaman Kano sun ci gaba. Har da baƙin lakwal kuke yi." Lakwal ita ce makarantar boko a wurinsu.

Na ce, "Wata goma sha huɗu ina aikin wannan rubutun. Gobe da sassafe, kafin ka ci komai, ka je mata da shi."

"Duka, Malam?"

"Duka huɗun. Kada ka rage ko layi ɗaya."

Da safen Juma'a na riga shi zuwa. Na sami benci wurin mai burodi da wake, a tsallaken layi, ina fuskantar rumfar Zinatu, na buɗe littafina a kan cinya. Mace ce gajera mai ƙiba kaɗan, mai saurin hannu, tana zuba miya tana yi wa masu ci faɗa su matsa wa juna. Kasuwar kuwa a kan layin dogon take zaune, tire da kwanduna har kan ƙarfen.

Can sai ga Issufu yana tafe kamar soja. Na duba hannunsa, ba takarda. Na duba aljihunsa, ba alamar takarda. Da ya matso sai na ga bakinsa. Leɓɓansa shuɗi ne shar, shuɗin ya gangaro ta gemu har wuyan riga. Daga baya ya ba ni labari: a kwano ya jiƙa takardun tun daren jiya, da asuba ya shanye, abin da ya rage na takarda ya tauna ya haɗiye, tunda na ce duka.

Ya tsaya a gabanta. Ta ɗago da ludayi a hannu, ta ja da baya.

"Innalillahi! Issufu, me ya sami bakinka? Shuni ka ci?"

Ya buɗe baki, harshen ma shuɗi. Na miƙe tsaye, alƙalami a hannu, na kasa kunne. A daidai nan jirgin ƙasa ya yi kuka. Kan ka ce kwabo kasuwa ta tashi, masu tumatir da masu gwanjo suka kwashe kaya daga kan layi, mai burodi ta ture ni gefe da tirenta, jirgi ya shigo tsakanina da su yana jan ƙafa. Tarago ya wuce, tarago ya biyo, mutane a rataye a ƙofofi har da kan rufi. Ta tsakanin taragun nakan hango shuɗin baki yana motsi, sai wani taragon ya rufe. Ban taɓa tsanar wani abin hawa kamar yadda na tsani jirgin nan ba.

Da ya gama wucewa, masu kaya suka mayar da kayansu kamar ba a yi komai ba. Zinatu tana zaune a kan turmi, ta rufe fuska da gefen mayafi, miya tana tafasa tana zuba a wuta ba ta kula ba. Issufu yana tsaye yana kallon sama. Masu cin tuwo sun daina ci.

Na tsallaka layi da gudu. Ban kai ga yin magana ba ta sauke mayafin ta share ido, ta ƙura mini su.

"Tsaya. Kai ba kai ne na bayan littafi ba? Mai baƙin gilashi, yana riƙe da tarho?"

Tarhon na mai hoto ne, ba shi ma da waya, amma ba lokacin bayani ba ne. Ta sa hannu ƙarƙashin tebur ta zaro kashi na ɗaya da na biyu, duk sun sha manja.

"Jama'a, wannan ne malamin da ake ta faɗa? Wallahi mai littafin soyayya ne! Kai, ina kashi na uku? Ka bar bawan Allah a tsaye a ƙofar gida fiye da shekara, ko ruwa ba a ba shi ba!"

Kafin azahar labari ya gama Agege. Bayan an sauko daga masallaci na tarar da masu takalman nan a rumfar Kawu, shi kuma yana ta tari kamar zai shiɗe. Na tsaya a gabansu na ba da haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yage shafukan da na rubuta sirrinsu na miƙa wa kowa nasa, na kwance zakara na mayar wa mai shi. Ɗan dakon Ijora ya karɓi nasa ya cusa a aljihu, kuma har yau in na tuna kallon da ya yi mini ba na jin daɗi. Amma mai yankan farce ya juya tasa takardar, ya miƙo mini.

"Wato littafi za a buga, a karanta har Kano?"

Na ce da haka na yi niyya, amma na fasa.

"A'a, kar ka fasa. Ka saka ni. Sai dai ka ce ina da shago, da madubi."

Mai mata Bayarabiyar baki ya ce shi ma a saka shi, amma a nuna shi ne mai gaskiya. Dattijon da ya ce ba na barci ya tambaya ko akwai wurin tsoho mai hikima. Aka gaya wa Issufu cewa abin da ya sha wasiƙar soyayya ce ta ƙage, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ƙage ko ba ƙage ba, ya ci."

Asabar ta zo ta wuce, motar Funtuwa ta tafi ba Zinatu. Da na je rumfarta ranar Lahadi na tarar tana rigima da matar da ta sayi tukwanenta, wai sai ta dawo mata da su. Na jira ta gama, na sayi tuwo don in sami fuska, na yabi miya, sannan na sassauta murya.

"Hajiya, don Allah abu ɗaya nake roƙo. Me ya ce miki?"

Ta ci gaba da kwashe tuwo.

"Ba zan sa sunanki ba. Kamilu zan ba. Ke da kanki kin ce ya daɗe a tsaye."

Ta ajiye mara ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ba kuma wasa.

"Malam marubuci, shekara bakwai ina zuba wa mutumin nan nama biyu a kuɗin ɗaya, ina jiran maganar nan. Sai da na sayar da tukwanena na same ta. Yanzu in ba ka, ka buga, a karanta a kowane gida, in an gama a naɗe ƙosai da ita? Wannan tawa ce. Kamilunka ya nemo tasa."

Na cinye tuwona, ta ƙara mini miya ba tare da na roƙa ba.

Ranar Litinin na kama hanyar gida, a doguwar bas wannan karon, don na ga rayuwa da idona ya ishe ni. Issufu ya nemi wani ya riƙe masa gadi, ya rako ni tasha ɗauke da jakata. Shuɗin ya bar leɓensa, saura kaɗan a gemu. Ina kallonsa ina jin abu biyu a raina, farin ciki da hassada, kuma hassadar ta fi yawa. Na zo Legas neman jimla ɗaya, an faɗe ta taku goma daga inda nake tsaye, zan koma ba ni da ita. Da na zauna kusa da taga na ga wannan ce dama ta ƙarshe, na leƙo.

"Issufu, don girman Allah, me ka ce mata?"

Ya dube ni kamar ina gwada shi. "Malam, ni za ka tambaya? Ai kai ka rubuta. Ni sha kawai na yi, ya hito."

"To maimaita mini."

Ya rufe ido, ya motsa baki, ya daɗe a haka. Direba ya tayar da mota.

"Wallahi ya tahi, Malam. Gajere ne dai, bai kai numhwashi guda ba." Ya biyo motar yana tafiya a gefen taga, ya dafa cikinsa. "Amma shahi huɗu na sha. Sauran na nan ciki. A hankali zan riƙa hiddo mata shi."